Yarana suna tone irin da muka shuka, haƙurina ya kusa ƙarewa

Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara 5 da ƙanwarsa 'yar shekara 3. Na so in rage musu zaman kallon waya, sai na samo tukwane huɗu muka shuka tumatir da karas da latas. Yau sati uku ke nan. Babban kullum sai ya tone ƙasa wai zai ga ko irin ya fito, ƙaramar kuma da ta samu ruwa sai ta juye shi duka a tukunya ɗaya. 'Yan tsiron da suka fito sun yi tsawo siriri sun kwanta, sauran ko alamarsu babu. Yanzu yaran ko kallon tukwanen ba sa yi, ni kuma na fara yi musu tsawa. Mahaifinsu ya ce in bari, wasan ƙasa zai jawo musu cuta. In haƙura ne, ko da gyara?

Uwar yara biyu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki bari, da gyara. Duk abin da kika lissafa yana da dalili, kuma babu ɗaya da ya samo asali daga rashin jin yaranki. Lambun manya kika yi, kika gayyato yara cikinsa, shi ya sa kowa ya gaji.

Dubi irin da kika zaɓa. Karas yakan yi sati 2 zuwa 3 a ƙasa kafin ya leƙo, kuma sai ya kusa wata uku kafin a cire shi. Tumatir yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, amma kafin a tsinki ɗa na farko sai an yi wata uku ko fiye daga ranar shuka. Latas kuwa irinsa ƙanƙane ne ƙwarai, yana son haske kafin ya tsiro, in an binne shi da zurfi ya tafi ke nan, in kuma ƙasa ta ɗau zafi sosai sai ya ƙi fitowa. Yaro ɗan shekara 5 ba ya iya riƙe "bayan wata uku" a kansa. Abin da ya sani shi ne yau da gobe da jibi. An ce masa akwai wani abu da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, an kuma hana shi gani. Tonon da yake yi tambaya ce, kuma tambaya mai kyau. Ki ba shi amsarta, za ki ga ya ƙyale sauran tukwanen.

Ga yadda ake ba shi amsa. Ki samu kwalba ko kofin roba da ake ganin cikinsa. Ki jiƙa ƙwayar wake 4 a ruwa su kwana. Da safe ki naɗe tsumma mai tsabta ko tishu mai kauri ki zura cikin kwalbar ya manne da jikinta, ki cusa waken tsakanin tsumman da jikin kwalbar, a tsakiyar tsayinta, kowane ƙwaya ki juya shi wani ɓangare daban. Ki zuba ruwa kaɗan a gindin kwalbar, kamar santimita 1, yadda tsumman zai riƙa shan ruwan yana jiƙewa amma waken bai nutse ba. Idan ya nutse zai ruɓe ya yi wari, domin iri yana buƙatar iska kamar yadda yake buƙatar ruwa. A ajiye ta inda haske yake amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Kwana 2 zuwa 3 ɓawon zai tsage, farar saiwa ta fito. Ki bar yaron ya lura da kansa cewa duk yadda aka juya waken, saiwar ƙasa take nufa. Zuwa kwana 5 ko 7 tsiron zai ɗago da kansa a lanƙwashe, ya miƙe, ɓarin waken biyu su buɗe, ganye ya fito daga tsakaninsu. Gani ya kori ji. Bayan wannan ki ware masa tukunya ɗaya ta tono: a shuka wake 10 a ciki, kullum da safe yana da izinin tone ƙwaya ɗaya tak da cokali, ya duba ya kwatanta da na jiya. Sauran tukwanen kuma an yi yarjejeniya ba a taɓa su. Yaro yakan kiyaye dokar da ta bar masa ƙofa fiye da wadda ta rufe ko'ina.

Ita ƙaramar matsalarta ta fi sauƙi. Mai shekara 3 ba ta san "kaɗan" ba, ta san dai a juye har ya ƙare. To sai ki sa abin da ke hannunta ya zama daidai da abin da tukunya take buƙata. Ki samu gorar ruwa ta roba mai rabin lita, ki huda murfin da allura mai zafi wuri 5 ko 6, ki cika ta rabi kawai. Ko ta matse ta duka a tukunya ɗaya babu ɓarna, ruwan kuma yana fita a hankali, ba zai tone iri ko ya kwantar da tsiro ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka butar manya ta fi ƙarfin hannunta, ko ta so ta zuba kaɗan nauyin zai rinjaye ta. In ta gama nata kason tana neman ƙari, ki nuna mata gindin wata babbar bishiya, ko ki ba ta buroshin fenti da kofin ruwa ta shafa bango tana kallon yadda rana ke busar da shi. Ta kuma samu nata wurin tono: tsohuwar roba mai faɗi cike da yashi ko ƙasa, da ludayi da gwangwanaye marasa kaifi. Babu abin da aka shuka a ciki, don haka babu abin da za a yi mata tsawa a kai. A riƙa rufe robar in an tashi, saboda kyanwa.

Yawan ruwa ya fi kashe shukar tukunya fiye da ƙarancinsa. Saiwa tana numfashi ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙasa. In ruwa ya cike su kwana da kwanaki, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya ya yi yaushi, mai shuka ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Ki koya wa babban gwajin yatsa: ya cusa ɗan yatsansa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ya ji sanyi da danshi, ƙasa ta manne a yatsan, yau babu ban ruwa. In ya fito a bushe, a ba ta. Wannan aikin nasa ne, shi ke yanke hukunci, ƙanwarsa ta zuba. Ana ban ruwa da safe ko da yamma, a gindin shuka, ba a kan ganye ba.

Su kansu tukwanen ki juya su ki duba ƙasansu. Kowace tana buƙatar huji 4 zuwa 6 masu faɗin fensir. Tukunyar da ba ta da huji ba ta raya shuka, ko da an zuba tsakuwa a gindinta. Zurfi kuma ya kai santimita 20 zuwa 25 domin wake da ganyaye. Tumatir da kuɓewa sai bokiti mai lita 15 zuwa 20, tsiro ɗaya a kowane bokiti. Ƙasar da aka ɗebo daga tsakar gida ita kaɗai takan dunƙule a tukunya ta yi tauri, ruwa ya tsaya a sama. A haɗa mudu biyu na ƙasar sama mai kyau, mudu ɗaya na taki da ya gama ruɓewa, mudu ɗaya na yashi mai kaushi. Takin da ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshin ƙasa yake yi. Ɗanyen kashin dabba ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa, bai da wuri a lambun yara. Cakuɗa ƙasar nan aiki ne da yara ke so ƙwarai, ki shimfiɗa buhu ki bar su su yi da hannunsu. A cika tukunya a bar santimita 3 daga baki, don ruwa ya samu wurin tsayawa kafin ya shige.

Sai iri. Ki nemi manyan ƙwayoyi da ƙaramin hannu zai iya ɗauka ɗaya-ɗaya, masu fitowa cikin sati. Wake ne kan gaba. Masara, kabewa da kokwamba duk suna leƙowa cikin kwana 4 zuwa 8 in ƙasa tana da ɗumi. Kuɓewa in an jiƙa irinta ta kwana tana fitowa da wuri, kuma cikin wata biyu ta fara 'ya'ya. Alayyafo irinsa ƙanƙane ne, amma in aka cakuɗa shi da yashi aka barbaɗa yaro zai iya, kuma sati 3 zuwa 4 an fara yankan ganye. Abin da ya fi duka sauri shi ne gindin albasa mai ganye: a yanke ganyen, a bar santimita 3 na farin gindin da saiwarsa, a tsayar a kofi mai ruwa kaɗan, cikin kwana 2 ko 3 sabon kore ya fara fitowa. Wannan ya dace da 'yarki. Zurfin shuka kuwa ƙa'idarsa ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Wake da masara santimita 2 zuwa 3, wato kusan gaɓa ɗaya ta yatsan babba. Tumatir rabin santimita. Alayyafo da latas a barbaɗa a danna da tafin hannu kawai. Yara suna son haƙa rami mai zurfi, don haka ki yi alama a jikin wani tsinke, su riƙa huda ƙasa da shi zuwa alamar.

A kowane rami a sa ƙwaya 2 ko 3, domin ba duka ke fitowa ba. In sun fito sun yi ganye huɗu sai a rage, a bar mafi ƙarfi. Ki yanke na ragewar da almakashi a dab da ƙasa, kada a fizge, fizga tana girgiza saiwar wanda aka bari. Ki faɗa wa yaron tun ranar shuka cewa za a yi haka, in ba haka ba zai ga kin kashe masa shuka. Masara kuma ki sani tun yanzu, in tsiro ɗaya ko biyu ne a tukunya za ta yi tsawo ta burge yara, amma da wuya ta cika ido, domin iska ce ke kai garin furenta daga wannan kara zuwa wancan, sai suna da yawa kusa da juna. Kabewa da kokwamba suna fara fitar da furen namiji da ke faɗuwa ba ɗa, wannan ba ciwo ba ne. Furen mace yana da ɗan kumburi a bayansa, ki nuna wa babban ya riƙa nemo shi.

Tsiron da kika ce ya yi tsawo siriri ya kwanta, haske ya rasa. Yana miƙa wuya ne yana neman rana. Kayan lambu masu 'ya'ya suna son rana ta awa 6 a yini, masu ganye suna haƙuri da awa 4. Kafin ki sake shuka, ki ɗauki yini guda ke da yaran kuna duba inda rana ke faɗawa da safe, da tsakar rana, da yamma, su zagaye inuwar da alli a ƙasa. Inda zafi ya yi tsanani, wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar ya fi, domin tukunyar roba, musamman baƙa, tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa.

Maganar mahaifinsu kada ki yi watsi da ita, yana da gaskiya ta wani ɓangare. Taɓa ƙasa mai tsabta ba ya cutar da yaro mai lafiya, amma akwai abubuwan da ke cutarwa, kuma gara ku zauna ku biyu ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ga an ɗauki damuwarsa da muhimmanci. Mafi haɗari a lambu ruwa ne. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kife ciki ba ya iya fitowa, ruwa kaɗan ya isa, kuma abin yana faruwa shiru cikin ɗan lokaci. Duk bokiti da baho a juye su a kife da zarar an gama, randa ko duro kuma su kasance da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Ruwan da ke kwanciya a farantin ƙarƙashin tukunya shi ma a zubar, sauro yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin sati ɗaya zuwa kwana 10.

Irin da ake sayarwa a leda sau da yawa an shafa masa magani, za ki gan shi ja ko shuɗi ko kore. Wannan guba ne, kada ya shiga hannun yara, ki nemi wanda ba a shafa wa komai ba. 'Yarki kuma tana shekarun da ake cusa abu a baki da hanci da kunne. Ki ƙirga mata ƙwayoyin a tafin hannu, idonki a kanta har su shiga ƙasa, ragowar ki ɗauke. In wake ya shiga hanci ko kunne kada a zaƙula da tsinke, kada a zuba ruwa, domin yana kumbura in ya jiƙa, a kai ta asibiti. Maganin ƙwari da takin zamani ba su da aiki a tukwanen yara, in akwai su a gida a kulle. Kada a yi shuka a robar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, baƙin mai ko fenti. Kada a ɗebo ƙasa daga bakin babban titi, gindin tsohon bango mai fenti da ke ɓanɓarewa, ko inda ake fasa batir, saboda gubar dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ba tare da an ga alama da wuri ba. Su sa takalmi, domin akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa daga gurɓatacciyar ƙasa. A yanke musu farce, a wanke hannu da sabulu bayan aiki da kafin cin abinci, a rufe duk wani ciwo da filasta, a kuma duba katinsu a tabbatar rigakafin tetanus ya cika. Ke kanki in kina da juna biyu ki sa safar hannu, saboda cutar da ke cikin kashin kyanwa.

Akwai doka guda da za su haddace: ba a cin komai daga tsiro sai an nuna wa babba. Ki zagaya gidan da kewayensa ki duba. 'Ya'yan zurma, 'ya'yan bini-da-zugu, zaƙami, da idon zakara mai ja da ɗigon baƙi duk guba ne, kuma kyansu ke jan yara. Farin ruwan tumfafiya yana lahanta ido. Ganyen tumatir ma ba a ci. Dutse, itace ko tukunyar da ta daɗe a wuri ɗaya, babban mutum ne ke ɗagawa, da sanda, yana buɗe ta ɓangaren da ba ya fuskantar mutane, saboda kunama da maciji.

Game da cewa sun daina kallon tukwanen, minti 10 zuwa 15 ya ishi masu shekarunsu, kuma kullum a lokaci guda ya fi awa biyu sau ɗaya a sati. Ki tsayar da aikin tun suna so, kada ki jira su gundura. Kowa ya samu tukunyarsa da ya yi wa alama da kansa. Babban ya kafa sanda kusa da wakensa, duk bayan kwana biyu ya ja layi inda kan tsiron ya kai. In wake mai yaɗo ne a kafa masa dogon kara, zai ga yadda yake naɗe shi cikin 'yan kwanaki. Ranar da babu abin yi a tukwane, ku fita da kwali ku tattaro ganye iri biyar, ku jera daga ƙarami zuwa babba, ku ɗora takarda a kai ku goga da fensir jijiyoyin su fito. Ku ajiye ɗan marmashin abinci kusa da layin tururuwa ku zauna ku ga yadda suke kiran juna. In kun samu tana a ƙasa mai danshi, ki bar su su kalle ta a kan ganye sannan a mayar da ita, ki faɗa musu ita ke buɗe wa saiwa hanyar iska. In yaro ya tambayi abin da kike da amsarsa, ki ɗan riƙe amsar, ki ce "me kake gani?" tukuna. Kuma ki kula da fuskarki: yaron da ya ga uwarsa ta zabura don ta ga tsutsa, shi ma zai zabura.

Ƙwari za su zo. Tsutsar da ke cin ganye a cire ta da tsinke, wannan farauta ce da babban zai so. Ƙananan ƙwari masu taruwa a bayan ganye suna tsotsar ruwansa har ya nannaɗe, a fara wanke su da ruwa. In sun dawo, ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, ki gwada a ganye guda, in bai ƙone ba washegari ki fesa da yamma, ke da kanki. Wani tsiron kuma zai mutu duk da kulawa. Kada ki musanya shi da dare a ɓoye. Ku tumɓuke shi tare ku duba saiwar: fara mai ƙarfi lafiyarta ƙalau, matsalar daga sama take, baƙa mai laushi da wari ruwa ne ya yi yawa. Ki riƙa shuka sabuwar tukunya duk sati biyu, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta zama ƙarshen lambun ba. In kuma ranki na son tumatir da karas ɗin, ki yi naki tukwanen a wuri mai tsayi da hannunsu ba ya kaiwa. Yawancin tsawar da kike yi daga nan take, kina jiran amfani daga tukunyar da yara ke wasa da ita.

Tukwane huɗun da ke gabanki yanzu, ki duba gindin kowane tsiro dab da ƙasa. In ya tsuke ya yi duhu kamar an matse shi da zare, funfuna ce ta kama shi saboda yawan danshi, ba ya tashi, ki zubar da shi da ƙasar, ki wanke tukunyar da sabulu ta sha rana. In tumatir ne kuma karan lafiya lau, tsawo kawai ya yi, ana ceto shi: da yamma ki sake dasa shi, ki binne karan har zuwa ƙasan ganyen farko, zai fitar da sabuwar saiwa a jikin karan. Ki riƙa fito da shi rana a hankali, awa ɗaya ranar farko, ana ƙarawa har sati. Karas ba ya son dashe, latas ɗin da ya riga ya kwanta kuma da wuya ya yi kirki, don haka waɗannan tukwanen ki huda su, ki canza ƙasa, ɗaya ta zama ta tono, ɗaya ta babban, ɗaya ta ƙaramar. Waken kwalba kuwa ki jiƙa shi daren yau, ki bar yaron ya ƙirga ƙwayoyin da kansa.